Yadda Littafin Bawa Direba Ya Samu Masu Karatu

Samari da 'yan mata sukan zo shagona a tashar Kaura Namoda, kowa da wayarsa a hannu, su ce sun rubuta labari, suna son in nuna musu yadda jama'a za su san su kafin wata ya ƙare. Nakan ba su benci, in miƙa musu ruwa, in tambaye su mutum nawa suka taɓa karanta wa labarin suna kallon fuskarsa. Yawanci sai su yi dariya, suna zaton ba'a nake yi. Abin da nake gaya musu da baki shi ne zan rubuta a nan, tunda bencin ba ya ɗaukar kowa.

Sunana Lawali. Sana'ata ta asali sayar da baƙin mai ce da bel da fulogi da sauran tarkacen mota, kuma har yau ita ke ciyar da gidana. Rubutu kuwa sai da na haura arba'in na fara shi. Shekara da shekaru ina zaune direbobi na zuba mini labarin hanya, wannan ya kwana a daji saboda taya, wancan ya ɗauko mai naƙuda ta haihu a motarsa kafin Zurmi. Wata rana na sayo littafin rubutu mai layi irin na 'yan makaranta da biro biyu, na fara haɗa labarin wani direba da na raɗa wa suna Bawa, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi har bakin iyaka. A kan kantar shago na rubuta shi, tsakanin mai saye da mai saye. Littattafan rubutu bakwai da na cika suna nan a akwatin ƙarfe, babu wanda ba shi da shatin yatsana na baƙin mai.

Aikin farko da ya nuna mini cewa rubutu somin taɓi ne shi ne bugawa a kwamfuta. Na kai wa wani mai shago a hanyar Gusau, ya yi sati biyu yana bugawa, ya miƙo mini takardu masu kyau fari tas. Da na zauna dubawa sai na tarar duk haruffanmu masu lanƙwasa babu su. Inda na ce Bawa ya ɗauko baƙi uku, an mai da shi baki uku. Ƙafa ta koma kafa, ɓarawo ya koma barawo. Mai shagon ya ce ai kowa zai gane. Na ce na ji, amma ni ba zan sa sunana a kai ba. Kwana uku na rufe shagona na zauna kusa da shi, ina nuna masa da yatsa yana gyarawa. Duk da haka sai da wasu suka tsallake mana. Daga nan na sayar da raguna biyu da nake kiwo, na kai aikin maɗaba'a a Gusau.

Ranar da kwalaye huɗu suka iso tasha, direbobi suka taya ni saukewa, kowa na cewa Lawali ya zama marubuci. Na shirya bikin ƙaddamarwa kamar yadda na ga ana yi. An kafa rumfa, an jera kujeru, na gayyaci manyan mutane. Sun zo, Allah ya saka musu, sun yi jawabi a kan muhimmancin ilimi, kowa ya karɓi kwafi ya ɗaga sama aka ɗauki hoto. Da aka watse muna kwashe kujeru, na tsinci guda biyu a inda aka zauna. Bayan wata huɗu kwali uku da rabi suna nan a ɗakina. Maiɗakina Hassi ta shimfiɗa musu zane, ta ɗora kwanukanta a kai.

Wanda ya koya mini sana'ar nan Baba Mamman ne, wani dattijo mai shimfiɗa littattafai a kasuwar Shinkafi, kusa da masu turare. Littattafan addini yake sayarwa da ƙasidu da na hikaya, tun ina yaro nake ganinsa a wurin. Dama duk Alhamis nakan kai baƙin mai kasuwar, sai na ɗauki kwafi goma na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya sa mini a tabarmarsa. Ya ɗauki ɗaya ya juya bangon, ya buɗe, ya bi da yatsa. Shafin farko godiya ce ga iyayena, na biyu ga malamaina, na uku ga shugabannin tasha, sannan gabatarwa, sannan jan kunne ga masu satar fasaha.

"Malam Lawali, ina labarin ya faro?"

Na ce shafi na bakwai.

"Mai saye tsaye shike, rana na dukanai, ga igiyar akuya a hannu. Ba shi kai shafi na bakwai."

Na ce ai an riga an buga, ba ni da halin sakewa. Sai ya miƙa hannu ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar da yake share tabarma da ita, ya karya, ya cusa a shafi na bakwai ya rufe. Ya miƙo mini ya ce in buɗe. Littafin ya buɗe kansa daidai inda motar Bawa ta mutu a tsakiyar gulbi da fasinja cike. Na koma gida muka zauna da Hassi kwana biyu muna karya tsinke muna cusawa.

Kusan shekara guda na yi ina zama gefen tabarmar nan duk Alhamis, da zarar na gama da masu mai. Ba ya koyarwa da baki sosai, sai dai ka kalla. Idan mutum ya ɗauki littafi ya fara karantawa, Baba Mamman yakan kau da kai ya shiga gyara wasu, kamar bai gan shi ba. Ni kuwa farkon zamana sai in yi caraf in ce ni na rubuta, in fara ba da labarin. Mutum ya yi murmushi, ya ce madalla, ya ajiye ya wuce. Sau uku ina yin haka, Baba ya ce in na ƙara buɗe baki mutum na karatu in koma wajen baƙin maina. Ya kuma hana ni sa sabon kwafi a sama. Sababbin suna cikin leda a ƙasa, wanda ya sha hannu har bangonsa ya yi laushi shi ne a sama, domin mutane sun fi yarda da abin da suka ga wasu sun taɓa. Na taɓa ganin wanda ya karanta shafi uku a tsaye, ya tafi bai saya ba, Alhamis ta zagayo ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Na yi wa Baba ƙorafi cewa wannan zai gama littafin a banza. Ya ce in bar shi, ko bai saya ba zai ba da labari a garinsu. Mutumin nan daga baya shi ya kawo mini mutum huɗu daga Jangeru.

Karatun tasha kuwa wani direba ne ya jawo shi, Ɗan'asabe, mai zuwa Zurmi. Wata ranar da fasinja suka yi ƙaranci, motarsa ta fi awa biyu tana jiran mutum uku, waɗanda ke ciki sun fara guna-guni, wata mata ma ta ce a sauke mata kayanta. Ya leƙo shagona ya ce in fito da littafin nan nawa in karanta musu, ko sa yi shiru. Na tsaya a jikin ƙofar motar na fara. Da farko ba mai saurare. Da na kai inda Bawa ke rigima da ɗan kamasho a kan kujerar gaba, sai wani tsoho ya ce wallahi haka suke, mota ta ɗauki dariya. Ina tsakiyar babi na biyu mota ta cika, Ɗan'asabe ya tada inji. Matar da ta ce a sauke mata kaya ita ta miƙo hannu ta taga ta ce in ba ta ɗaya, ba za ta tafi da rabin labari ba.

Daga ranar na mai da shi aiki. Kuma a nan na koyi abin da babu mai gaya maka a fuska. Idan kana karantawa ka ga mutum ya kira mai gyaɗa, ko ya ciro waya, ko ya fara kallon waje, to wurin nan ya yi sanyi. Nakan sa ɗigo da biro a gefen layin. Da na gama zagaye littafin sai na ga duk inda na tsaya yin wa'azi da bakina, ko na ɓata shafi guda ina siffanta gari, nan ɗigon ya taru. Inda mutane biyu ke magana kuwa, ko wani abu ya lalace ana neman mafita, babu ɗigo ko ɗaya. Direbobi suka fara ɗaukar biyar-biyar suna ajiyewa a gaban mota. Ba su iya talla irin ta 'yan kasuwa ba, abin da suke cewa fasinja kawai shi ne labarinmu ne a ciki.

Mata su ne rabin masu karatuna, ko ma fiye, kuma ban san haka ba sai ta hanyar Inna Luba, wata mai kitso a Zurmi, yayar mahaifiyar Ɗan'asabe. Ita ba ta karatun boko, amma ta ajiye littafin a ɗakin kitsonta, duk wadda ta zo jiran layi in ta iya karatu sai ta karanta wa sauran. Daga baya ta fara ba da shi haya kwana biyu-biyu, ta aiko a ƙaro mata uku. Wata rana Ɗan'asabe ya zo yana dariya ya ce Inna ta ba shi saƙo, kuma ta ce ya faɗa yadda ta faɗa. Matan Zurmi na gaishe ni, suna tambaya ko Nana matar Bawa kurma ce. Tun daga farkon littafi har ƙarshe, in ji su, ba abin da take yi sai kawo ruwa da cewa sannu da zuwa, mijinta ya yi kwana tara ba labari ta kasa ko zuwa tasha ta tambaya.

Na koma gida na ba Hassi labari, ina jiran ta taya ni jin haushi. Ta ce ita ma tun ranar da muke cusa tsinke ta lura, amma ba a tambaye ta ba. Tun daga littafi na biyu, babu babin da ke fita daga gidana sai Hassi ta ji shi. Tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa ina karantawa. In ta ce mace ba ta magana haka, ba na musu, sai in tambaye ta yadda za ta ce, in rubuta.

Gyaran da ya fi zauna mini a kai wani makiyayi ne ya yi mini shi. Ina shago da hantsi sai ga wani dattijo da sanda da malfa, ya tambaya ko ni ne mai littafi. Sunansa Baffa Juli, daga wajen Gurbin Ɓore. Ya kawo bijimi kasuwa, ya ce ba zai koma ba sai ya gan ni. Ɗiyarsa ce ke karanta musu a ruga, ya ce sun ji daɗin labarin, har inda Bawa ya ɗauki wani makiyayi a hanya. Sai dai akwai wurin da na ce makiyayin ya tsaya da yamma yana ƙirga shanunsa ɗaya bayan ɗaya har ya gano ɗaya ta ɓata.

"Malam, wa ya gaya maka muna ƙirga shanu?"

Na ce babu, na ɗauka haka ake yi.

"Kai kana ƙirga ɗiyanka in ka shiga gida? Dubawa kake yi. Kowace saniya da sunanta, na san uwarta, na san kakarta. In guda ba ta nan, tun daga nesa garken zai yi mini wani iri."

Ya ce da aka karanta wurin, duk rugar aka yi dariya, wani ya ce marubucin nan bai taɓa shan nono a ƙwarya ba. Na ba shi haƙuri, na jawo masa benci, na ɗauko biro. Ya fi awa guda yana gaya mini sunayen shanu bisa launi da ƙaho, da yadda ake gane wadda za ta yi ciwo tun kafin ta kwanta. Da aka sake buga littafin na gyara wurin, na cire shafukan godiya na mai da su baya, na aika masa kwafi ta hannun direba. Bayan sati biyu aka kawo mini man shanu a kwalba. Mutanen rugage da ke sayen littattafaina yau, ta bakinsa suka ji ni.

Waya ta zo mini a makare, kuma ba na raina ta. Na buɗe guruf, wato zauren hira na waya, ina sa babi ɗaya duk Juma'a, ina kuma karantawa da murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba da direbobin da hannunsu ke kan sitiyari. Muryar ta fi rubutun tafiya nesa, har daga ƙetaren iyaka an kira ni. Amma ku da kuke ƙirga yawan mutanen guruf kuna murna, ku sani yawancinsu shiga kawai suka yi. Masu karatu su ne waɗanda in ka makara ranar Juma'a za su tambaya ko lafiya, da waɗanda za su yi maka faɗa don ka kashe wanda suke so. Waɗannan nakan amsa musu ɗaya bayan ɗaya, in san garinsu, in san sana'arsu. An sha kwashe muryata a tura wasu wurare ba da sanina ba. Da farko na bi ina faɗa, daga baya na koma faɗin sunana da inda shagona yake a farkon kowane karatu da ƙarshensa, duk inda aka kai shi ya tafi da adireshinsa.

Sai shekarar da hanya ta ɓaci. Ku duka kun san ta, ba sai na tsaya bayani ba. Aka rufe kasuwannin mako, aka katse layin waya wata da watanni, motocin Zurmi da Shinkafi suka ragu har wata rana ba ka ganin ko uku sun tashi. Littafina na uku ya fito daga maɗaba'a ana saura sati biyu a rufe, kwalayen suka iso suka zauna. Ba tabarmar Baba Mamman, ba fasinja, ba guruf. Baƙin man ma ba mai saye, tunda motocin a ajiye suke. A cikin watannin nan Baba Mamman ya kwanta ciwo ya rasu, Allah ya jiƙansa, labarin bai iso ni ba sai bayan kwana tara. Damina ta shigo, gara ta bi ta ƙarƙashin kwali ɗaya ta cinye fiye da rabinsa kafin mu ankara. Wata mai ƙosai a bakin tasha ta ce in ba ta waɗanda suka lalace ta riƙa naɗe ƙosai, na ba ta, ban tsaya kallo ba.

A lokacin Kaura ta cika da mutanen ƙauyuka da suka baro gidajensu, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Da rana maza sukan zo tasha su zauna, ba don tafiya ba, don dai a ji labarin gida daga bakin direban da ya shigo. Ni ma zaman nake yi. Sai na koma karatu bayan la'asar a ƙofar shago, ba don in sayar ba, don babu mai abin saye. Wanda ya ce yana son ya kai wa iyalinsa sai in ɗauko in ba shi aro, har da tsofaffin kwafin da suka sha hannu a tasha. Ban tambayi sunan kowa ba. Wasu sun dawo da su, da yawa ba su dawo ba. Da abubuwa suka lafa aka maido layi, na buɗe guruf na tarar kusan rabi babu su. Wasu sun canza lamba, wasu sun sayar da wayar, wasu kuwa daga baya na ji sun riga mu gidan gaskiya. Na ɗauka daga farko zan sake farawa, kuma na fara ɗin, babi ɗaya duk Juma'a.

Ashe littattafan aron nan sun bi masu su sun koma ƙauyuka, har inda ban taɓa sa ƙafa ba. Bayan kamar shekara guda wani direban Shinkafi ya tsaya sayen bel, ya ce jiya ya yi gardama da fasinja a kan littafina. Shi ya san a ƙarshe Bawa ya ajiye tuƙi ya koma gona bayan haɗarin da ya yi, haka na rubuta. Amma mutanen Badarawa uku a motarsa sun rantse ba haka ba ne, sun ce Bawa ya koma hanya. Na ce wataƙila wani littafin suke nufi. Ya ce a'a, Bawa dai, mijin Nana.

Alhamis ta gaba da na gama da kasuwa na hau mashin na shiga Badarawa. Tambaya biyu na yi aka nuna mini gidan Malam Dahiru, wanda maiɗakinsa Malama Atine ke koyar da matan aure karatu. Ya karɓe ni a zaure, aka kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya yi murmushi ya shiga ciki, ya daɗe, sannan ya fito da littafin. Nawa ne, bugun farko, ɗaya daga cikin na aron nan. Wayar da aka ɗinke shi da ita ta yi tsatsa ta karye, shafukan ƙarshe sun zube tun kafin ya zo hannunsu. A madadinsu an ɗinka takardun littafin makaranta da zare baƙi, shafi goma sha ɗaya, rubutun hannu ƙanana a tsare.

Malama Atine ta zo bakin ƙofar zaure ta gaishe ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce in yafe mata. A Kaura mijinta ya karɓo littafin lokacin da suke gudun hijira, da suka dawo ta riƙa karanta wa ɗalibanta bayan an tashi darasi. Da suka kai inda takarda ta ƙare, Bawa na kwance a asibiti, matan suka ƙi tashi. Babu waya a lokacin, babu wanda za a tambaya. Ta ce musu su dawo jibi, ta zauna ta rubuta abin da take ganin ya kamata ya faru. Ba ta taɓa gaya musu nata ba ne, kuma daga nan littafin ya zaga gari.

Na karanta shi a zaune a wurin. A nata, Nana ce ta je ta samu mai motar, ta tsaya a gabansa ta yi magana har ya yarda a gyara ta, sannan ta gaya wa Bawa cewa mutanen ƙauyukan nan ba su da wata mota sai tasa, in ya zauna gida wa zai kai masu ciwo asibiti. Hausarta ta fi tawa taushi, kuma ban ga wurin da zan sa ɗigo ba.

Kafin in gama, labari ya shiga cikin gida cewa mai littafin ya zo, mata sun taru a bayan ƙofa. Wata tsohuwa ta matso, Malam Dahiru ya ce gwaggonsa ce. Ta ce tunda ga ni, in gaya musu da bakina yadda Bawa ya ƙare. Na dubi Malam Dahiru, ya sunkuyar da kai yana dariya. Na faɗa mata gaskiya, cewa a nawa ya bar tuƙi ya koma noman gero.

Tsohuwar ta ce, "A'a, ɗana. Ba haka aka yi ba. Ka dai manta."

Ban yi mata musu ba. Na ba Malama Atine sabon kwafi, ta karɓa ta yi godiya ta ce za ta adana shi a akwati, amma tsohon za ta ci gaba da karantawa, don shi mutane suka sani. Na ce da Malam Dahiru, in ya amince, ta rubuta nata labarin tun daga farko, ni zan kai bugawa in zauna a kan haruffan da kaina. Ya ce ai ta riga ta cika littafin rubutu biyu, kunya ce ta hana ta nunawa.

Littafinta ya fito bara, labarin wata ungozoma ce. Ba mu yi biki ba. Na karanta babin farko a jikin motar Zurmi, na aika wa Inna Luba uku, na sa muryar a guruf da sunan Malama Atine. Yanzu yana kan kantata kusa da nawa guda huɗu, tsakanin galan ɗin mai da kwalin fulogi. Shekaranjiya Ɗan'asabe ya tsaya zai ɗauki na gaban mota, na miƙa masa nawa biyar kamar kullum. Ya mayar mini da uku, ya ce, "Malam Lawali, cika mini da na Malama. Naka duk hanyar ga an riga an ji shi."

Na cika masa, na koma na buɗe littafin rubutu, don ina tsakiyar littafina na biyar.